Kutse tsakanin motoci: Saurin da ke kai 'yan acaɓar yankin Kazaure wurin maɗori

Duk ranar da kasuwa ke ci a bakin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Ɗambatta da Kazaure, titi kan tsuke. Motocin haya sun tsaya a gefen kwalta suna sauke fasinja, masu talla sun kewaye su, ga tirela ta taho tana neman hanya. 'Yar tazarar da ta rage tsakanin tirelar da motar da ke tsaye ba ta fi faɗin ƙofar ɗaki ba, amma ta nan ɗan acaɓa zai kurɗa, da goyon mutum biyu da buhu a kan tanki.

Sau da yawa yakan fita lafiya, abin da ke ƙara masa ƙwarin gwiwar maimaitawa gobe. Ranar da aka yi rashin sa'a kuwa, ba tirela ce ke jin jiki ba.

A Achilafiya da ke ƙaramar hukumar Yankwashi, da ƙauyukan Roni da Gwiwa, har zuwa garin Babura da ke kusa da iyakar Nijar, babur ne motar talaka. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke shiga hanyoyin burji da mota ba ta iya bi da damina. Don haka maganar yadda ake tuƙa shi ta shafi kusan kowane gida.

Dalilan masu kutse

Hujjar farko da 'yan acaɓa kan kawo ita ce ta aljihu. Da yawansu ba su ne masu baburan ba, akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ko kuɗin biya-sannu-sannu da ke jiransu a ƙarshen mako. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, kowane minti da injin ya yi yana aiki a cikin cunkoso asara ce. A lissafinsu, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani: wanda ya tsaya bin layi, abokinsa ne zai riga shi ɗaukar fasinja na gaba.

Hujja ta biyu ta fasinja ce. Wanda ya bar mota ya hau babur sauri yake yi, kuma sau tari shi ne ke zuga direba ya shige.

Ta uku ita ce tsoro, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Mai babur da ya tsaya a bayan mota cikin layi yana fargabar wata motar da birkinta bai da kyau ta taho ta matse shi. A ganinsa, gara ya fice gaba da ya zauna a tsakanin ƙarfe biyu.

Bayan waɗannan akwai wadda ba a cika faɗa a fili ba, wato burga. A tsakanin matasa, wanda ya iya ratsa matsatsin wuri ba tare da ya sauke ƙafa ba shi ne gwani. Idan kuma aka yi haɗari, sai a rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Inda haɗarin yake

Babur da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga an buɗe ƙofar mota, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta taka birki, wannan daƙiƙar ta riga ta wuce. A gudun kilomita 20 kuwa, abin da zai ci bai kai mita shida ba. Wannan bambancin ne ke raba wanda ya tsaya ya yi faɗa da direba da wanda aka kwasa a ƙasa.

Abu na biyu shi ne direban babbar mota ba ya ganin duk abin da ke gefensa. A Najeriya ana tuƙi ta hannun dama, direba na zaune a hagu, saboda haka gefen dama na tirela ne wurin da madubi ya fi gaza nuna masa. Ta nan ne kuma masu babur suka fi son bi, tsakanin mota da bakin kwalta. Idan tirela za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sukan yanko ciki. Tazarar da ɗan acaɓa ya gani a buɗe tana iya rufewa yana tsakiyarta.

Sai kuma kaya. Buhu ko kwando ko gwiwar fasinja sukan fi kan babur faɗi. Direba ya auna cewa hannunsa zai wuce, ya manta da abin da ke bayansa. Shi ya sa fasinja kan tashi da karaya a gwiwa ko ƙwauri alhali direban ko ƙwarzane bai yi ba. Daga nan sai neman maɗori, ko doguwar tafiya zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da watannin jinya da babu ko sisi mai shigowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da adadin jama'arta.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba ko'ina ake ɗaukar kutse a matsayin laifi ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sanya shi cikin dokarta a 2016. Kafin nan, wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2015 ya gano cewa haɗarinsa na raguwa matuƙa idan motocin ba sa gudun da ya wuce kusan kilomita 80 a awa, kuma babur bai fi su gudu da sama da kusan kilomita 24 ba. A jihar New South Wales ta Ostireliya an halatta shi tun ranar 1 ga Yulin 2014, da sharaɗin kada gudun ya wuce kilomita 30 a awa. A Birtaniya ma an yarda da shi, tare da gargaɗin a yi a hankali.

Sai dai abin da waɗannan ƙasashe suka halatta shi ne bi tsakanin layuka biyu na motocin da suka fuskanci gefe ɗaya, a kan titi mai zanen layi, direba na sanye da hular kwano. Yawancin hanyoyin da suka haɗa garuruwan masarautar Kazaure layi ɗaya ne na zuwa, ɗaya na dawowa. Wanda ya kutsa ta tsakiya a nan aron hannu ya yi, kuma motar da ke gefensa ɗaya tahowa take yi gaba da gaba da shi.

Me doka ta ce?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. A jerin laifukan da take cin tara a kansu babu wanda aka kira kutse da sunansa. Akwai dai wuce mota ba bisa ƙa'ida ba, da tuƙin ganganci, da hawa babur babu hular kwano. Wannan ya bar wa jami'in da ke bakin hanya, ɗan sanda ne ko na FRSC, ikon yanke hukunci da idonsa, shi kuma mai babur yana ganin an zalunce shi tunda kowa haka yake yi.

Akwai kuma matsalar kamun kansa. Jami'in da ke tsaye ba zai iya tare babur mai gudu ba sai ya jefa rayuwar mutane cikin haɗari, bin sa a guje kuma ya fi laifin muni. Saboda haka kamen yakan koma shingen bincike, inda ake tambayar takardu da lamba. Darasin da ɗan acaɓa ke ɗauka daga nan shi ne ya kauce wa shinge ta hanyar gona. Yadda yake tuƙi bai canza ba.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan doka ta zo babu fahimta. Da aka fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, kuma ba a daɗe ba dokar ta yi sanyi. Ya kuma nuna abin da sana'ar ke iya fuskanta idan hukuma ta juya mata baya. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabiu Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a birnin. Dalilin tsaro ne, amma cikin kwana kaɗan dubban matasa suka rasa abin yi, A Daidaita Sahu ta maye gurbinsu.

Abin da zai iya aiki

Hana kutse baki ɗaya a wurin da babur ya fi mota yawa abu ne da ba zai ɗore ba. Abin da zai fi sauƙin bi shi ne ƙa'ida gajera da kowa zai iya haddacewa: a kurɗa kawai idan motoci sun tsaya ko suna rarrafe, da gudun da bai wuce na mai keke ba, kada a bi ta gefen tirela ko tifa, musamman kusa da kwana, kada a tsallaka tsakiyar titi, kada a yi da goyon yara ko kaya masu faɗi.

Waɗanda suka fi dacewa su tsare wannan ƙa'ida su ne shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa. Sun san kowane direba da sunansa da unguwarsu, kuma dakatar da mutum daga tasha na kwana biyu ya fi tara zafi. Aikin 'yan sanda da jami'an FRSC zai fi amfani a bakin kasuwa ranar da take ci, wajen hana motoci lodi a kan kwalta, domin wannan ne ke haifar da matsatsin tun farko.

Fasinja ma na da ta cewa, don gwiwarsa ce a waje. Yana da damar ya dafa kafaɗar direba ya ce a jira tirelar ta wuce, ko kuma ya sauka ya biya kuɗin inda aka kawo shi. Jiran ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, ƙashin cinya kuwa kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe.