Hanji: Fagen Dagar Farko ga Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Idan aka ambaci ƙanjamau, hankalinmu kan tafi ga jini. Amma likitoci sun gano cewa dagar farko a hanji ake yin ta. A can ne mafi yawan dakarun garkuwar jiki suke zaune, kuma cikin makonnin farko ƙwayar cutar kan hallaka kaso mai yawa na nau'in da ake kira CD4, tun mutum bai san ya kamu ba.

A hanjin kowannenmu Allah Ya ajiye tiriliyoyin ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Suna sarrafa dusar abincin da ciki ya kasa narkarwa, su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Idan bangon ya raunana, ɓurɓushinsu kan tsallaka cikin jini. Binciken Jason Brenchley da Daniel Douek a Amurka a 2006 ya danganta wannan yoyo da zaman garkuwar jiki cikin shirin yaƙi ba hutu, lamarin da kan iya wanzuwa ko bayan magani ya danne ƙwayar.

Abincin waɗannan halittu kuwa yana gonakinmu na Gagarawa Tasha, Gumel da Sule Tankarkar: gero, dawa, wake, kuka da zogale. Hatsin da ba a matsa masa surfe ba ya fi yi musu amfani. Kindirmo ma aboki ne, da sharaɗin an tafasa madarar kafin ta kwana. Ɗanyar madara na iya ɗaukar tarin fuka daga shanu, furar da aka dama da gurɓataccen ruwa kuma gudawa take jawowa, wadda ke saurin kayar da mai raunin garkuwa.

Abin da ya fi damun mu shi ne maganin “wankin ciki” da ake talla ranar kasuwa, da kafso da ake sha ba umarnin likita. Irin wannan kafso ba ya bambance bakteriya mai cutarwa da mai amfani. Septrin da asibiti ke rubutawa daban ne, kariya ne, kada a bar shi.

Babu abincin da ke maye gurbin maganin rage kaifin cutar, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta tun 2006. Yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, don haka mai son azumi zai iya neman likitansa ya mayar masa da lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki. Wanda gudawa ko rama ta kama kuwa, shari'a ta yi masa rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.