Ƙarar Kunne Mai Daɗewa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Akwai mutane da yawa waɗanda ke jin ƙara a cikin kunnuwansu dare da rana, alhali babu wani abu da ke yin ta a waje. Wani yakan ji kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kuwa kamar shuuwar iska. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutum 14 cikin kowane baligi 100 a duniya suna jin wannan ƙara. Ba sammu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne. Alama ce da ke bukatar likita ya binciki asalinta.

Daga Ina Take Zuwa?

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata ƙaramar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai dubban ƙwayoyin halitta masu gashi siriri, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Idan suka lalace ba sa sake tsirowa. Ƙwaƙwalwa kuwa, da ta rasa saƙon da ta saba samu, sai ta shiga ƙirƙiro nata amon.

Babban abin da ke lalata su shi ne hayaniya mai tsanani: injin niƙa, janareta, bugun maƙera, harbin bindiga da zama kusa da lasifika. Tsufa ma yana kawo haka. Sauran dalilai sun haɗa da toshewar kunne da dauɗa, ciwon kunne mai ruwa, hawan jini, ƙarancin jini, da wasu magunguna kamar kinin, asfirin idan aka sha da yawa, da allurar jentamisin.

Yaushe Za a Je Asibiti?

Duk wanda ƙarar ta ƙi barinsa, ko ta hana shi barci da aiki, lalle ne ya ga likita. Amma akwai alamun da ba su son jinkiri ko na kwana ɗaya:

1. Ji ya ɗauke farat ɗaya.
2. Ƙarar ta fara bayan buguwa a kai.
3. Ta zo da jiri mai tsanani ko karkacewar baki.
4. Damuwa ta kai mutum ga tunanin halaka kansa.

Haka nan ƙarar da ke kunne ɗaya kaɗai, ko mai tafiya daidai da bugun zuciya, tana bukatar bincike na musamman.

Likita zai leƙa kunne, ya auna jini, ya tambayi irin aikin da mutum ke yi da magungunan da yake sha. In da hali zai tura shi gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada majinyaci ya daina maganin da aka rubuta masa sai da iznin likita.

Zama da Ita

In dauɗa ce ko ciwon kunne, magance su yakan kawar da ƙarar. In kuwa lalacewar tana can ciki, babu ƙwaya ko ɗigon da aka tabbatar yana kashe ta. Mai tallar irin wannan magani kuɗin jama'a kawai yake ci. Zuba man ja ko ruwan ganye a kunne, da sakace shi da tsinken ashana ko gashin kaza, na iya huda dodon kunne.

Duk da haka akwai sauƙi. Ƙwaƙwalwa takan saba da ƙarar sannu a hankali, kamar yadda mazaunin bakin titi ke daina lura da wucewar motoci. Shiru yana fito da ita, don haka kunna rediyo ƙasa-ƙasa ko fanka da dare yana taimaka wa barci. Wanda jinsa ya ragu, na'urar taimaka wa ji takan rage masa ita. Gajiya da fargaba suna ƙara mata ƙarfi, shawarar masana halayyar ɗan Adam kuwa tana rage damuwarta.

Masu aiki cikin hayaniya su riƙa sa abin toshe kunne, masu masana'antu kuma su tanadar wa ma'aikatansu. Iyali su yi haƙuri da mai wannan lalura, su raka shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.