Minshari Lokacin Goyon Ciki: Yaushe Ya Kamata a Damu?

A gidajenmu an fi ɗaukar minshari abin tsokana, ko alamar gajiya. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai minsharin da ke nuna cuta, musamman ga mai juna biyu.

Me ke kawo shi?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki. In hanyar iska ta ƙuntata, sai naman ya riƙa kaɗawa yana ba da ƙara. Ga mai ciki, sinadaran jiki kan kumbura fatar cikin hanci, jini ya ƙaru, nauyi ma ya ƙaru. Shi ya sa wadda ba ta taɓa minshari ba takan fara, galibi a watanni ukun ƙarshe. Mura, ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna tsananta shi.

Wane ne mai haɗari?

Shi ne wanda numfashi ke ɗaukewa na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ta farka a firgice kamar an shaƙe ta. Da safe ga ciwon kai, da rana ga gyangyaɗi. Irin wannan yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari na masu ciki. Mai barci ba ta jin kanta, don haka maigida ko abokiyar kwana su lura, su faɗa mata.

Ki sanar da ungozoma ranar awo. Za a auna jininki, a gwada fitsari, a duba hanci da maƙogwaro. Awon jini da ya kai 140/90 bayan mako 20 yana buƙatar kulawa. In ana zargin ɗaukewar numfashi, likita zai iya tura ki gwajin barci. Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, kuma mai ciki na iya amfani da ita.

Abin yi a gida

Ki kwanta a gefe, ki guji rigingine, musamman daga mako 28. Ki ɗaga kai da matashi. Ki nisanci hayaƙin sigari da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Kada ki sha maganin barci ko na mura sai da izinin likita. Kada ki rage abinci don ki rame. Kada kuma a kai ki wajen wanzami cire beli, domin yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Idan ciwon kai ya tsananta, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, kada a jira ranar awo. A garzaya asibiti, domin suna iya zama mafarin jijjiga.

Maigida, kai ma in kana minshari mai ƙarfi, ga ƙiba, ga gyangyaɗi a kan tuƙi, je ka a auna jininka, ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Allah Ya sauke ku lafiya.