Kafin a kwashi iyali zuwa Waza

Daga Kolofata, in an biyo ta Mora, gandun dajin Waza tafiyar wuni guda ce, a je a dawo. Tun 1968 aka mai da shi gandun ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700, kuma yaron da bai taɓa ganin raƙumin dawa ko jimina ba sai a littafi ya cancanci a kai shi. Sai dai kafin maigida ya tambayi kuɗin mota, ya fara tambayar lafiyar hanya.

Ba a ba mutumin Kolofata labarin Boko Haram, shi da aka shigo masa gari a Yulin 2014. Amma a tuna cewa a Fabrairun 2013, wajen Dabanga, aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, bayan sun fito daga wannan gandu. Sai da suka yi wata biyu a hannu. Saboda haka labarin makon jiya bai isa ba. A tambayi direbobin tashar Mora da 'yan banga da jandarmomi ana gobe tafiya, a sake tambaya da asuba. In sun ce a dakata, a dakata, Waza ba guduwa za ta yi ba. Kada kuma a yarda direba ya saki babbar hanya ya bi yanke don gudun shingaye, a irin waɗannan burtalai ake binne nakiya. Kowane baligi da katin shaidarsa a aljihu.

Sai zafi. An fi ganin namun daji da bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin ɗan ruwan da ya rage. A daidai lokacin ne kuma zafi ke haura digiri 40. Jarkar ruwan sha daban, ta mota daban. Yaron da ya yi laƙwas, leɓensa ya bushe, ya daɗe bai nemi fitsari ba, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Jinjiri da tsoho mai hawan jini, a ganina, gara su zauna gida.

Da damina ba a ma maganar, laka ba ta barin mota. A cika tanki tun daga Mora, a duba safaya. A cikin gandu ba a yawo sai da jagora, ba a kuma sauka daga mota sai ya ce a sauka. A bar mutum ɗaya a gida da ya san lambar motar da lokacin dawowa, a kamo hanya da an yi azahar, don kada magariba ta riski yara tsakanin Waza da Mora.