Mista Bin Daga Akwatin Talabijin Zuwa Majigi

Ranar 1 ga Janairun 1990 tashar ITV ta Ingila ta fara nuna wani mutum siriri mai jan lakataye, wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da tulin alƙaluma amma babu komai a kansa. Daga nan ya tafi bakin teku yana fama da sauya wando, sannan ya ƙare a coci yana kokawa da gyangyaɗi. Mista Bin ke nan, wanda Rowan Atkinson ya fito a matsayinsa. Kashi 15 kacal aka yi na shirin zuwa 1995, kusan kowanne bai kai rabin awa ba, amma har yau yaron da bai jin ko kalma ɗaya ta Turanci yana kallonsa a waya yana riƙe ciki don dariya.

Sirrin shirin gajarta ce. Kowane kashi an raba shi gida biyu ko uku: ga ƙaramar matsala, ga dabarar da ta fi matsalar muni, ga ɓarna, sai a rufe. Bin ba ya nadama, ba ya koyon darasi, gobe ma haka zai tashi. Atkinson da kansa ya sha kwatanta shi da yaro a jikin babba. Mai kallo yana yafe masa son kansa saboda minti bakwai kawai zai zauna da shi.

Fim kuwa minti casa'in ne, kuma abin da aka ɓata a farkonsa dole a biya bashinsa a ƙarshe. Nan gizo ke saƙa.

A 1997 Mel Smith ya ba da umarnin fim ɗin Bean. An mai da Bin mai gadi a gidan adana zane-zane na Landan, shugabanninsa suka gaji da shi suka tura shi Los Angeles da sunan ƙwararren masani. A can ya yi atishawa a kan shahararren zanen nan na mahaifiyar mai zane Whistler, ya goge da hankici mai tawada, ya ƙara da ruwan narkar da fenti har fuskar tsohuwar ta ɓace, sai ya ɗauki alƙalami ya zana mata wata. Wannan wurin kam Bin ne na gaske, kuma duk lokacin da na sake kallonsa sai na dara. Amma dubi abin da aka kewaye shi da shi. An ba shi mai masauki, David Langley, wanda aurensa ke tangal-tangal, 'yarsa kuma ta yi haɗari tana kwance asibiti. An sa Bin ya ji zafin laifinsa, har ya tsaya gaban taro ya yi dogon jawabi. Mutumin da aka ƙaunace shi don gunguni da motsin gira, ga shi yana bayani a kan darajar iyali. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 250, don haka a kasuwa babu wanda zai ce ya faɗi. Ni dai a wurina an ari rigar Bin ne aka sa wa wani labari da ba nasa ba.

Mu ma mun san wannan ciwo. Marigayi Rabilu Musa Ibro yakan shigo fim ya yi minti biyar ya ƙwace shi gaba ɗaya, amma da yawa daga finafinan camama da aka gina a kansa shi kaɗai sukan yi sanyi a tsakiya, don babu zaren da ke ɗaure wannan abin dariya da na gaba.

Shekara goma bayan fim ɗin Bean, a 2007, Steve Bendelack ya fito da Mr. Bean's Holiday, kuma a nan aka gano bakin zaren. Bin ya ci kyautar tafiya Cannes a kudancin Faransa, tare da kyamarar bidiyo. Faransanci bai wuce kalma biyu ba a bakinsa, ta ukun da yake ƙarawa ma ta Sifaniyanci ce. Ka ga an mayar masa da shirunsa ba tare da an tilasta ba, domin wanda ba ya jin harshen gari dole ya yi magana da hannu da fuska. Sannan tafiya kanta tana yanka labari gunduwa-gunduwa: tashar jirgin ƙasa, kasuwa, bakin hanya, kowanne da nasa wasan, amma duk suna fuskantar teku. Dabara ce tsohuwa da Jacques Tati ya yi amfani da irinta a fim ɗinsa na hutun Monsieur Hulot a 1953, kuma Atkinson bai taɓa ɓoye cewa Tati ya yi tasiri a kansa ba.

Kalli wurin da aka ajiye masa farantin abincin teku a gidan cin abinci na tashar Paris. Ya ɗaga kawa ɗaya, ya shinshina, fuskarsa ta yamutse, ma'aikacin yana tsaye yana jiran ya haɗiye. Da mutumin ya juya baya, sai ya juye sauran cikin jakar wata mata da ke kusa. Babu kalma, babu darasi. Ko yaron da ya raba da mahaifinsa bisa kuskure, wanda shi ne nauyin da labarin ya ɗora masa, bai mai da shi mai wa'azi ba. Ya mayar da yaron, ya fito daga zauren bikin finafinai na Cannes idonsa a kan kyamara, ya taka rufin motoci ɗaya bayan ɗaya kamar matakala har ƙafarsa ta sauka a yashin da ya baro Landan dominsa.