Kuɗin Agajin Ambaliya: Ina Rabon Mai Gonar Bakin Kogi?

Duk wanda ya haye gadar Kaduna ya nufi kudu, in ya waiga dama da hagu zai ga gonaki sun bi gaɓar kogi, daga Barnawa har Nasarawa da Kudenda. Masara ce da shinkafa da rake da damina, da rani kuwa alayyafo da tumatir da kuɓewa, waɗanda 'yan kasuwar Kakuri ke sara tun da asuba. Ƙasar tana da albarka, amma fa kogin da ya kawo albarkar shi ke zuwa ya kwashe ta. Haka ya yi cikin Agusta 2003, ya kuma sake cikin Satumba 2012.

A 2012 ɗin nan ruwa ya yi ɓarna a yawancin jihohin Nijeriya. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. Cikin Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar naira biliyan 17.6 na agaji. Aka kasa jihohi kashi huɗu bisa ga yawan ɓarna, Kaduna ta faɗa kashi na biyu, aka ba ta naira miliyan 400.

To, kuɗi ne masu daɗin ji a rediyo. Amma malaman akawu su ɗauki alƙalami mu gwada. A ce mutum 20,000 ne za su raba, kowa naira 20,000 ke nan zai tashi da ita, tun ba a fitar da na gyaran gada da kwalbati ba. Agaji ba diyya ba ne, hannu ne kawai ake miƙa wa wanda ya faɗi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ƙidaya. Ma'aikata in sun zo, gidan da ya rushe suna ganinsa da ido, su rubuta. Gona fa? Masarar da ta yi goyo ta kwana uku cikin ruwa ta ruɓe, bayan mako biyu sai laka. Ga shi da yawa daga masu noman bakin kogi aro suka yi ko haya, ba su da ko guntuwar takarda. Mai fili yana zaune cikin gari, shi aka sani, shi za a rubuta. Wanda ya zuba taki da guminsa sai ya ji labari a bakin maƙwabta.

Saboda haka, jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ruwa bai zo ba manomi ya sa mai unguwa ya shaida shi ke noma wuri kaza, a rubuta, ya shiga ƙungiyar manoma. Ranar da ruwa ya ci gona, a ɗauki hotonta da waya kafin ya janye, a kai wa malamin gona na ƙaramar hukuma, Makera ga mutanen Kaduna ta Kudu, Kujama ga na Chikun. Akwai kuma inshorar noma ta NAIC da aka soma a 1987, mai ƙungiya ya tambaya.

Ga Gwamnati kuwa roƙonmu ɗaya. Katifa da bargo da kwanon rufi suna da amfani ga mai gida, amma manomi iri da taki da injin ban ruwa yake bukata, su iso hannunsa cikin Oktoba ko Nuwamba, lokacin da fadama ke da danshi ana shirin lambu. In suka kai Fabrairu, rani ya riga ya yi nisa.