Karo-karon Littattafan Zane a Amurka: Kuɗi, Ɓangaranci da Neman Ba'asi

Kasuwar littattafan labarin zane a Amurka ta daɗe a hannun manyan kamfanoni biyu, Marvel da DC. Mai zanen da ke son fitar da nasa littafin sai dai ya nemi ƙaramin kamfani ya ɗauke shi, ko ya zuba kuɗin aljihunsa ya jira abin da Allah zai yi. Shafukan karo-karo na intanet ne suka buɗe wata ƙofa: Indiegogo a 2008, Kickstarter a 2009. Mai zane ya nuna samfurin aikinsa, ya faɗi kuɗin da yake nema da watan da zai kammala, masu sha'awa su biya tun kafin a buga littafin. A 2012 Rich Burlew ya nemi taimakon sake buga littattafansa na The Order of the Stick, aka tara masa sama da dala miliyan 1.2, kuma tun daga nan masu sana'ar suka gane cewa akwai kuɗi a wannan hanya.

A Kickstarter, idan kuɗin bai kai adadin da aka nema ba, ba a cirar ko sisi daga kowa. Idan ya kai, kamfanin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki nasu, sauran ya shiga asusun mai aikin gaba ɗaya. Indiegogo kuwa ya yi suna da barin mutum ya riƙe abin da ya samu ko da bai cika ba. Kickstarter ya sha nanata cewa shi ba kanti ba ne: alkawarin tsakanin mai zane ne da masu biya. Sharuɗɗan da ya sabunta a 2014 sun ce wanda ya kasa cikawa ya bayyana yadda ya kashe kuɗin, ya mayar da abin da ya rage, amma kamfanin ba ya biyan kowa diyya.

Galibin jinkirin da ake samu ba na sata ba ne, na rashin iya lissafi ne. Wanda ya ƙware a alƙalami ya wayi gari shi ne mai ciniki da maɗaba'a, shi ne mai sito, shi ne mai naɗe kaya, shi ne mai amsa ƙorafi. Kuɗi na ƙaruwa yana ƙara alkawari, bango mai ƙyalli, katunan ado, ƙarin shafuka, kowanne da nauyinsa a ma'aunin gidan waya. Littafin Sad Pictures for Children ya nuna inda hakan kan kai. An tara masa sama da dala 50,000 a 2012, aka buga shi, aka aika wa mafi yawan masu biya, sai kuɗin aikawa ya ƙare. A watan Fabrairun 2014 aka saki bidiyon kwafi 127 suna cin wuta, tare da doguwar sanarwa cewa za a riƙa ƙona littafi guda kan kowane saƙon da ya zo yana tambayar ina kaya.

Lamarin ya ɗauki wani salo da bayyanar Comicsgate tsakanin 2017 da 2018. Wannan ba ƙungiya ba ce mai rajista ko shugaban da aka zaɓa. Taron masu zane ne da masu tashoshin YouTube da magoya bayansu, waɗanda ke zargin Marvel da DC da cusa siyasar masu sassaucin ra'ayi a cikin labarai. Masu adawa da su, ciki har da ƙwararru da dama a sana'ar, suna kallonsu a matsayin gangamin cin zarafin mata da tsiraru. Ethan Van Sciver, wanda ya yi suna da zanen Green Lantern a DC, ya tara sama da dala 500,000 a Indiegogo a 2018 domin littafinsa Cyberfrog, kuma ya zama fuskar da aka fi sani a tafiyar.

A shekarar ce kuma ƙaramin kamfanin Antarctic Press na jihar Texas ya janye daga buga Jawbreakers, littafin Richard C. Meyer, wanda shi ma ɗan tafiyar ne, bayan wasu kantuna sun ce ba za su sayar da shi ba. Meyer ya maka marubuci Mark Waid a kotu, yana zarginsa da hure wa kamfanin kunne. Kowane ɓangare ya koma wurin magoya bayansa neman kuɗin lauya, wato karo-karo a kan karo-karo, daga bisani aka janye ƙarar a ƙarshen 2020. A cikin gidan Comicsgate ma ba a zauna lafiya ba. Da wani mai suna Vox Day ya sanar a Satumban 2018 cewa zai riƙa buga littattafai da sunan Comicsgate, Van Sciver ya fito fili ya yi tir da shi, aka shiga jayayya kan wanda ke da ikon amfani da sunan, alhali babu wata majalisa da za ta raba gardamar.

Abin da ke sa neman ba'asi ya yi wuya a irin wannan tafiya shi ne yadda ake tallar littafin tun farko. Ana tallarsa ne a shirin kai-tsaye na YouTube, inda mai zane ke shafe sa'o'i yana hira yana zane, masu kallo na aiko da kuɗi domin a karanta saƙonsu. Wanda ya biya dala 25 ko 30 bai ɗauki kansa mai sayen littafi kawai ba, yana ganin ya ba da gudummawa ce a fafatawa da manyan kamfanoni. To idan shekara ta wuce littafi bai zo ba, ya tambaya, sai 'yan'uwansa magoya baya su riga mai zanen ba shi amsa: ai kai ɗan leƙen asirin abokan gaba ne. A ɗaya gefen kuma, mai zanen da ke hamayya da wani kan masu saye ɗaya yakan ɗauki jinkirin abokin hamayyarsa ya mai da shi abin hira na mako guda, domin faɗa ya fi zane jawo masu kallo. Sai tambaya ta gaskiya, nawa aka tara, nawa aka kashe, yaushe za a aika, ta ɓace a cikin hayaniya. Akwai kuma ɗabi'ar buɗe sabon karo-karo kafin a sauke na baya, wadda ke sa masu biya zargin cewa da kuɗin yau ake toshe ramin jiya, zargin da ba mai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa tunda babu wanda ke duba littafin lissafin.

Hukuma takan shigo ne idan yaudara ta fito ƙarara. A 2014 babban lauyan jihar Washington ya kai ƙarar kamfanin Altius Management kan katunan wasa da aka biya ba a kawo ba, kotu ta ci shi tara a 2015. A shekarar ce hukumar kare masu saye ta gwamnatin tarayya ta ɗauki matakinta na farko kan karo-karo, a kan mutumin da ya tara sama da dala 122,000 domin wasan allo ya kashe mafi yawansu kan bukatun kansa. Irin waɗannan shari'o'i ba su da yawa, kuma ba wanda zai ɗauki lauya saboda littafin dala 30. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya fitar a 2015 ya nuna cewa kusan kashi 9 cikin ɗari na ayyukan Kickstarter ne ba sa cika alkawari. Mafi yawa suna cikawa, sai dai sau da yawa a makare.

Manyan masu tara kuɗi sun fara barin shafukan ma baki ɗaya. Kamfanin Iron Circus na C. Spike Trotman, wanda ba shi da alaƙa da Comicsgate, ya bar Kickstarter a 2022 ya koma tara kuɗi a shafinsa. A shekarar ce kuma Eric July ya tara sama da dala miliyan 3 domin littafinsa Isom a shafin kamfaninsa na Rippaverse. Hakan na ceto kason da ake cira, yana kuma kare mai zane daga a rufe masa shafi. Amma adadin kuɗin da ake nunawa, da wurin da masu biya ke rubuta ƙorafi, da ƙa'idar mayar da kuɗi, duk sun koma hannun wanda ake bi bashin littafin.